Minshari da zuciya

Da bazara mutanen Damagaram suna kwana a tsakar gida saboda zafi. A Birni da Zango, in dare ya raba, ana jin minsharin maƙwabta ta kan katanga. Yara su yi ta dariya. Yawancin minshari ba shi da lahani, amma akwai wani iri wanda ba abin dariya ba ne.

Mai irin wannan minshari yakan yi shiru farat ɗaya. Numfashinsa ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye. Sai ya zabura, ya ja iska da ƙarfi, ya koma barci. Da safe bai san abin da ya faru ba. Mutanen gida su ne suka sani.

Ga dalili. In mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki. Ga wasu, musamman masu ƙiba, harshe yana komawa baya ya toshe hanyar iska. Iskar oksijan ta ragu cikin jini. Ƙwaƙwalwa ta tashe shi don kada ya shaƙe. Zuciya kuma ta shiga bugawa da sauri, jijiyoyin jini su matse. In ciwon ya yi tsanani, wannan yana faruwa fiye da sau 30 cikin awa guda. Dare lokacin hutun zuciya ne, amma tasa ba ta hutawa. Shekara da shekaru a haka, sai hawan jini ya kama shi. Hawan jini kuwa yana kawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Da rana sai ciwon kai da gyangyaɗi. Direban da ke bin hanyar Maraɗi yana gyangyaɗi, ransa da na fasinjoji suna cikin haɗari.

Akwai magani. Rage ƙiba yana taimakawa sosai, haka kwanciya a gefe maimakon rigingine. Taba da giya suna ƙara ciwon. A 1981 wani likita na ƙasar Ostareliya, Colin Sullivan, ya bayyana wata na'ura mai hura iska a hankali ta hanci, don hanyar ta zauna a buɗe. Sai dai tana da tsada, kuma sai da wutar lantarki. Yaro ma yana kamuwa, in naman da ke gefen maƙogwaronsa ya kumbura. Likita na iya cire shi. Cire beli wurin wanzami ba ya warkar da wannan ciwo. Wanda aka ga numfashinsa na tsayawa, a kai shi babban asibitin Damagaram a auna jininsa, a faɗa wa likita abin da aka ji da dare.

Tambayoyi
1. Mene ne ke toshe hanyar iska?
2. Don me zuciyar mai wannan ciwo ba ta hutawa?
3. Wa ke fara gane ciwon?