Ƙusar Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara: Kada Ka Sa Wadda Ta Fi Ta Ƙarfi

Tambaya: Malam, ina zaune a Minnesota ta Amurka. Injina na kwashe dusar ƙanƙara yana tashi lafiya, amma ɓari guda na haƙoran gaba ya daina juyawa. Maƙwabcina ya ce ƙusa ce ta karye, in sami kowane noti in ɗaura. In bi shawararsa?

Amsa: Ɗan'uwa, maƙwabcinka ya gano ciwon, amma maganinsa zai ja maka asara. Wannan ƙusa da gangan aka yi ta don ta karye.

A injin mai mataki biyu, haƙoran gaba ne ke tattaro dusa, fankar da ke bayansu kuma ta watsa ta waje. Haƙoran suna zaune ne a kan sandar ƙarfe da ke fitowa daga akwatin giya, ƙusar ce kaɗai ta haɗa su. In suka cafki dutse, ko daskararriyar jarida, ko tabarmar bakin ƙofa da dusa ta binne, sai ƙusar ta tsinke, giya ta tsira. Aikinta irin na fis ne a wayar lantarki. In ka sa noti mai tauri, irin mai daraja 8 da ake sayarwa a kantin kayan gini, to ranar da ka ci karo da dutse ba zai karye ba. Giyar ce za ta zube, abin 'yan daloli ya koma na ɗaruruwa, kuma a tsakiyar Janairu, lokacin da makanikai ba su da sararin kallonka.

Kafin ka nufi kanti, leƙa bayan injin, ƙasa tsakanin tayoyi. Yawanci nan ne takardar da ke ɗauke da lambar samfuri take. Ɗauki hotonta da waya. Da wannan lamba za ka sami lambar ƙusar a littafin injin ko wajen dilan kamfanin. Sunan da ke jikin injin ba ya wadatarwa, domin kamfanin MTD ne ke ƙera Troy-Bilt da Cub Cadet, da yawansu kuma ƙusa ɗaya suke sha, mai lamba 738-04124A, wadda ake kulle ta da ɗan maƙalin waya. Ariens kuwa mai noti yake amfani da ita, wasu injinansa inci 1/4, wasu 5/16. Ido ba ya raba su da sauƙi, amma siririya a babban rami girgiza za ta yi ta yi har ta cinye ramin. Tsawo ma abin lura ne, haka 'yan tsagar da ke jikin wasu: daidai nan aka so ta tsinke.

Home Depot da Lowe's suna ajiye na injinan da suka yi yawa, mutanen Kanada kuma su duba Canadian Tire. Ni dai dila na fi so, musamman ga tsohon inji. Masu arha na intanet da ake cewa sun dace da kowane inji, ban yarda da su ba. Sayi da dama tun a Oktoba, don da zarar dusa ta sauko da ƙarfi sukan ƙare a kantuna.

Wajen sauyawa, don Allah kashe injin, zare makulli, cire wayar fulogi. Kada ka taɓa zura hannu cikin bututun fitar dusa ko da injin a kashe yake. Fankar takan yi juyin bazata idan abin da ya toshe ta ya saki, mutane da yawa sun rasa yatsu ta haka. Juya haƙoran har ramukan su yi daidai, ka buge guntun da ya maƙale da ɗan tsinken ƙarfe da guduma, ka zura sabuwa. In mai noti ce, kada ka matse ta tamau.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsatsa. Idan haƙoran suka manne da sandar, ƙusa ko ta asali ce ba za ta yi aikinta ba. Duk ƙarshen hunturu ka zare ƙusoshin, ka sa giris, ka juya haƙoran da hannu ka tabbatar suna yawo sakayau a kan sandar kafin ka mayar.