Darasi: Yadda Za Mu Zaɓi Rauta Domin Gida

'Yan'uwa manoma, a gidaje da yawa yanzu akwai wayoyi uku ko huɗu, kowace ana saya mata data dabam. Shi ya sa waɗansunmu suke shawarar sayen rauta. Rauta ƙaramar na'ura ce wadda take karɓar intanet, ta rarraba wa wayoyin gida ta iska. Amma kafin mu taɓa kuɗin amfanin gona, mu riƙe wannan: rauta ba ta kawo sabis inda babu shi. Kamar injin ban-ruwa take. In rafi ya ƙafe, ko inji mai tsada ba zai jiƙa lambu ba.

1. Mu fara gwada sabis. Mu ari wayoyin maƙwabta masu layin MTN, Airtel da Glo. Mu gwada su a cikin ɗakin da rautar za ta zauna, safe da yamma, har kwana uku. Layin da ya riƙe alamar 4G bai yanke ba, shi ne namu.

2. Mu nemi mai ɗaukar sim. Akwai rautar da sai an jona mata kebul daga kamfani. A ƙauyen da kebul bai iso ba, ba ta da amfani. Mu ce wa mai kanti ya nuna mana ramin sim. Mu kuma tambaya ko kulle take a layi ɗaya, gama buɗaɗɗiya tana karɓar kowane sim. An fara 5G a Nijeriya a 2022, amma mai sayen rautar 5G inda sabis ɗin bai kai ba ya biya kuɗin banza.

3. Mu duba wuta. Ƙaramar ta aljihu tana da batir a ciki, amma ba ta kai nisa. Babbar ta tebur ta fi nisa, sai dai tana bukatar wuta kullum. Yawancinsu da bolt 12 suke aiki, don haka batirin sola zai iya ɗaukarsu. Mu karanta abin da aka rubuta a jikin cajar tukuna.

4. Mu lura da gini. Bangon ƙasa mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis. A jikin kwali za mu ga lamba 2.4 ko 5. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango, na 5 ya fi sauri amma sai a kusa. Gida mai sassa da yawa, 2.4 ne zai yi masa aiki. In sabis yana da rauni, mu zaɓi mai wurin jona eriyar waje. Mu ajiye ta a sama, kusa da taga.

5. Mu sa mata makulli. Ran da muka kawo ta, mu canja lambar sirrin da ta zo da ita. Rautar da aka bari a buɗe rumbu ne marar murfi.

Tambayoyi domin taron ƙungiya:
a. Wane layi ne ya fi ƙarfi a ƙauyenmu?
b. Nawa gidanmu yake kashewa a kan data kowane wata?
c. Wa zai riƙe lambar sirri, ya kuma lura da abin da yara suke kallo?

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu.