Ma'anar Kalmar "Vertical" da Yadda Ake Aiki da Ita

Hakimai da malamansu, musamman na wuraren da gine-gine suka yawaita kamar Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, sukan tarar da wannan kalma ta Turanci cikin takardun zanen gini. Wajibi ne a san ta sosai, gama kuskuren fassararta yakan jawo gardama tsakanin maƙwabta.

Ma'anarta. Abin da aka ce da shi vertical shi ne wanda ke tsaye sak daga sama zuwa ƙasa, bai karkata ko'ina ba. In an zura guga cikin rijiya, aka bar shi ya natsu, to, igiyar nan ita ce misalinsa. Kishiyar kalmar ita ce horizontal, watau a kwance, kamar fuskar ruwa cikin ƙwarya.

Asalinta. Tushenta vertex ne, kalmar Latin, harshen Rumawan dā, ma'anarta tsakar ka ko ƙololuwar abu. Ta shiga Turanci cikin ƙarni na 16, da fari kuwa ana nufin wurin nan na sararin sama da ke daidai bisa kan mutum. A Kano rana takan hau wannan wuri sau biyu a shekara, cikin Afrilu da cikin Agusta, har da rana tsaka inuwar sandan da aka kafa sak ta kusa ɓacewa.

Misali. Tutar Nijeriya, wadda aka ɗaga ran 1 ga Oktoba, 1960, layukanta uku a tsaye suke. Na tutar Nijar kuwa a kwance suke.

Gargaɗi. Kada malami ya fassara kalmar da "miƙaƙƙe". Tsanin da aka jingina da bango miƙaƙƙe ne, amma ba a tsaye sak yake ba. Haka nan katanga tana iya miƙewa sarai, alhali kanta ya rinjaya cikin filin maƙwabci. Saboda haka in an kawo ƙarar irin wannan, kada a dogara ga ido. A sa magini ya saki zare mai dalma a bakinsa daga kan katangar, a auna tazarar da ke tsakaninsu sama da ƙasa, sa'an nan a rubuta abin da aka gani.