Lulluɓe Garin Jan Ƙarfe da Azurfa Domin Tawadar Lantarki

Akwai wani fanni na fasahar zamani inda ake buga hanyoyin wutar lantarki a kan leda ko takarda ko gilashi, kamar yadda ake buga rubutu a maɗaba'a. Ta haka ake yin siraran layukan da ake gani a fuskar faifan sola. Tawadar wannan aiki garin ƙarfe ce da aka kwaɓa da danƙo.

A cikin ƙarafa duka, azurfa ce ta fi saurin ɗaukar lantarki, jan ƙarfe na biye da ita, tazararsu ba ta wuce kashi 6 cikin 100 ba. (Jan ƙarfe tsantsa ake nufi a nan, domin kalmar tagulla takan haɗa har da gauraye.) Sai dai a shekarar 2024 kilo guda na azurfa ya ninka na jan ƙarfe tsada kusan sau 100. Shi kuwa jan ƙarfe, illarsa tsatsa: da zarar an mai da shi gari, iska takan yi wa kowace ƙwaya ɓawon da ke tare lantarki. Dabarar ita ce a yi wa ƙwayar riga ta azurfa, cikinta arha, bayanta mai jure iska.

Da farko akan wanke garin da ruwan asid marar ƙarfi domin cire tsatsa, sannan a zuba shi a ruwan da aka narkar da gishirin azurfa, watau silba naitiret. Nan take musanya za ta fara: duk ƙwayar zarra ɗaya ta jan ƙarfe da ta narke, biyu na azurfa za su sauka a kan garin.

To, a nan gwaninta take. In musanyar ta yi gaggawa, azurfar takan tsiro kamar rassan ƙaya, ta bar wurare tsirara, kuma kafa ɗaya ta isa iska ta shiga. Saboda haka akan ƙara amoniya ko sinadarin EDTA su riƙe azurfar, su riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, ana motsawa ba fasawa. Wasu kan sa bitamin C domin azurfa ta ci gaba da sauka ba tare da jan ƙarfen ya yi ta zaizayewa ba.

Ko an dace da rigar, zafi abokin gaba ne. Idan ƙwayoyin ƙanana ne ainun, zafin da ya haura digiri 200 kan sa azurfar ta tattare ta dunƙule, jan ƙarfe ya bayyana. Wannan ne ya sa garin ya fi karɓuwa a tawadar da ake busarwa da sassauƙan zafi.