Amsoshin Tambayoyinku: Sef ɗin Kaka, a Gyara ko a Sayar?

Tambaya: Ni mutumin Kuki ne, a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma. Kakanmu ya yi awon gyaɗa da auduga a zamaninsa, ya rasu ya bar wani tsohon sef na ƙarfe a shigifa. Makullin ya ɓata, tsatsa ta fara cin ƙasansa. Ƙanena ya ce a kira mai walda ya yanka ƙofar, a sayar wa 'yan gwangwan. Ni kuma ina so a gyara, a yi masa fenti. Ina mafita?

Amsa: Ka dakatar da ƙanen naka, amma kai ma kada ka sayi fentin tukuna.

Kafin maganar gyara akwai maganar gado. Idan ba a sa sef ɗin cikin rabo ba lokacin da kakanku ya rasu, to shi da abin da ke cikinsa hakkin magada ne gaba ɗaya, har da goggonninku da suka yi aure a Kurfi ko Katsina. Ku sanar da su, a buɗe shi a gabansu da shaidu. Wanda yake son ya riƙe, a yi wa sef ɗin kima ya biya sauran magada rabonsu. Kada a sa ran samun dukiya a ciki. In ma akwai kuɗi, wataƙila fam da sule ne, waɗanda naira ta maye gurbinsu a 1973. Abin da ya fi amfani shi ne takardu: na gonaki, na bashi, da littafin awo.

Sai ka duba ƙofar da kyau. Irin waɗannan akwatuna sun shigo Arewa ne ta hannun kamfanoni kamar John Holt da UAC da wakilansu masu sayen amfanin gona, kuma da yawansu ƙirar Ingila ce. Sau da yawa akwai ɗan faranti na tagulla mai ɗauke da sunan maƙerin, kamar Milners na Liverpool ko Chubb. Wannan farantin da fentin asali, ko da ya koɗe, su ne shaidar shekarunsa. Ranar da aka goge su da injin gurza aka fesa sabon kore, sef ɗin ya koma ƙarfe mai nauyi kawai.

Yankan ma yana da haɗari. Bangon sef biyu ne, tsakaninsu an cusa abin da ke hana wuta isa ciki. A tsofaffin ƙirar Milners garin katako ne da alif, a wasu na baya kuma akwai asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Ga kuma tartsatsin walda da zai iya cinye takardun da ake nema. Ku nemi tsohon mai gyaran makulli, ko da sai an ɗauko shi daga Katsina ko Kano. Gwani yakan buɗe irin wannan kwaɗon ya yanka masa sabon makulli, in ta ƙi ya huda ƙaramin rami ɗaya da za a toshe daga baya.

Gyaran da nake ba da shawara kaɗan ne. A kankare tsatsar da burushin waya a hankali, a shafa mai sama-sama, a ɗora shi kan dakalin siminti don danshin damina, saboda daga ƙasa yake ruɓewa. Kada a ɗura baƙin mai a ramin makulli, yana kama ƙura ya daskare. Garin bakin fensir ya fi.

Kuma kada ku mai da shi ma'ajiyar kuɗi. An ƙera shi ne don ɓarawon da ke zuwa da guduma, injin yanka na yau ba ya jin tsoronsa. A halin tsaron da yankin Dutsin-Ma da Kurfi ke ciki, jita-jitar cewa gidan wane an gyara sef ma kaɗai ta isa jawo masifa. A yi aikin ba hayaniya, a bar shi ɗakin ciki, kuɗi kuma su tafi banki.

Idan bayan an buɗe magada sun ga ba mai wurin ajiye shi, ku fara tuntuɓar Gidan Tarihi na Katsina, wanda ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, kafin ku kira mai sikeli. Takardun kuwa a ɗauki hotonsu da waya, a tura wa kowane magaji.