Ka Sauya Salansa, Fitilar Inji Ta Kunno?

Kada ka yi gaggawar sayen sabuwar sensar oksijin. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, aikin mai walda ne ya ruɗa ta.

Fara duba mahaɗar bututun da ke kusa da inji. In akwai 'yar kafa kafin sensar farko, iska za ta riƙa kutsawa, sensar ta shaida wa kwamfutar mota cewa mai ya yi kaɗan, ita kuwa ta ƙara zuba fetur. Sai ka ga mota tana shan mai, filogi sun yi baƙi ƙirin. Tayar da injin da sanyin safiya ka kasa kunne: za ka ji tsit-tsit, ko ka ga baƙar toka a bakin mahaɗar. Leƙa wayar sensar ma, don in ta jingina da bututu narkewa take yi.

Sensa ta biyu katalis take sa wa ido, abin da makanikai ke kira indomi. In an fasa shi ko an sa na arha, na'urar bincike za ta nuna P0420. Goge lambar ba magani ba ne, za ta dawo. Sai an mayar da katalis mai kyau.