Gwajin kwamfuta ba ya tabbatar da magani

Idan mai sayar da maganin ƙarin kuzari ya ce maka an gwada ganyensa a kwamfuta, kada ka yi saurin zaro kuɗi. Manhajar da ake wannan gwaji da ita tana auna ne ko siffar sinadarin tsiro za ta dace da wani gurbi a ƙwaƙwalwa, kamar yadda kafeyin da ke cikin goro yake toshe gurbin sinadarin adenosin ya kori barci. Masu bincike za su ce hanyar tana tace dubban sinadarai cikin kwanaki, kuma haka ne, sai dai hasashe take bayarwa. Ba ta tabbatar da cewa sinadarin zai tsallake hanta ya isa ƙwaƙwalwa, balle ta faɗi adadin da zai hargitsa bugun zuciya. Nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ka tambaya ko an gwada maganin a jikin mutane. Mai hawan jini kuwa ya fara ganin likita.